Kawu, ga yadda muke zama da waƙoƙin Durga a Delhi

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka tambayi yadda mu Hausawan Delhi muke ƙarewa da waƙoƙin bautar da mabiya addinin Hindu ke kwana suna yi a unguwanninmu, har kana tsoron kada su shiga zukatan yara.

Abin ya fi tsanani a bikinsu na Navratri, darare tara da ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. Wadda suke yabo ita ce Durga, ɗaya daga cikin allolinsu, suna ɗaukarta uwa. A imaninsu ita ta kashe Mahishasura, aljani mai siffar ɓauna da ya gagari sauran allolinsu. Labarin yana cikin Devi Mahatmya, baiti 700 da harshen Sanskirit, masu ƙwazo kan sauke shi cikin kwanakin. Amma mai hana mu barci shi ne jagran: a kafa rumfa a tsakiyar layi, a ɗauko mawaƙi da ganguna, yana bayarwa mata na amshi da tafi har asuba. Doka ta ce a kashe lasifika ƙarfe 10 na dare, to wa zai kai ƙarar mai gidan da yake haya?

Mu dai ba ma shiga rumfar, ba ma amshi. Gaisuwa kam ba ta yankewa. Inda muke saɓawa a junanmu shi ne prasad, abincin da ake ajiyewa gaban gunki sannan a raba gida-gida. Wasu kunya kan sa su karɓa su miƙa wa mai gadi, wasu kuma su dafa ƙirji su ce addini ya hana. Ni na biyun nake yi, don Bahindu ya fi kowa gane hani a kan abinci. Rana ta takwas ko ta tara sukan tara ƙananan 'yan mata, a wanke musu ƙafafu a ciyar da su a madadin uwar. Nan ba ma tura 'ya'yanmu ko an aiko.

Nama ma sai da tanadi, mahauta da yawa rufewa suke. Jamia Nagar, unguwar Musulmi, muke zuwa mu cika firji.

Yara kuwa sukan dawo da karin a baki, mu zaunar da su mu faɗa musu abin da baitin ke nufi. Kuma Kawu, ku ma a Kano kun sha jin irinsu tun zamanin sinimar Plaza da Marhaba. Duk fim ɗin Indiyan da ka ga jaruma na rera waƙa tana kuka gaban mace mai hannuwa da yawa a kan zaki ko damisa, to Durga take roƙo.