Na sa data intanet ta ƙi buɗewa, kati kuma yana tafiya

Wata 'yar kasuwa daga Kano ce ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa daga gida, a Kantin Kwari nake saro kaya, kwastomomina kuma kusan duk a WhatsApp suke. Wayata ta faɗa ruwa, ƙanina ya samo mini wata ta hannu mai layi biyu. Kira yana shiga yana fita, amma sau biyu ina sayen data a layin sana'ata, intanet ba ta buɗewa. Ran nan na sa katin dubu biyu a ɗaya layin, sai ta buɗe na ɗan lokaci, washegari na duba babu ko sisi. Manhajar banki ma ta ƙi. In sayar da wayar ne, ko in canza layi? Kuma datar nawa ta dace da mai sana'a irina a wata?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a nema. Kada ki sayar da wayar nan tukuna, layin kuwa kada ki ko taɓa shi. Lambar da kwastomomi suka haddace, wadda banki ke turo miki saƙo ta kanta, ita ce ƙofar shagonki. Ki tambayi duk wanda kike sari a wurinsa a Kwari, ba zai tashi daga layin da aka san shi ba don kwan fitila ya mutu.

Ai ke da kanki kin faɗi inda ciwon yake, a maganar dubu biyun nan. Waya mai layi biyu ba ta jan intanet daga duka biyun a lokaci guda. Ɗaya take zaɓa, kuma idan ba a gaya mata wanne ba, ita za ta zaɓar wa kanta. Alamu sun nuna taki ta kama layin da babu data a kansa. Ranar da kika sa masa kati sai ta samu abin ci, ta riƙa jan intanet kai tsaye daga kuɗin kira, wanda shi ne mafi tsadar hanyar da mutum zai hau intanet da ita. Datar da kika saya sau biyu kuwa tana can zaune a ɗaya layin, kwanakinta na tafiya. Ki shiga setin na wayar, ki nemi wurin da aka jera layukan biyu, za ki ga inda aka rubuta Mobile data. Ki mayar da shi kan layin sana'a. Wasu wayoyin suna da wani maɓalli a nan ƙasa da ke ba waya damar tsallakawa ɗaya layin idan sabis ya yi rauni. Shi ma ki kashe shi, don ta wannan kafar ɓeran zai sake shigowa.

Daga nan ki danna *323# a layin sana'ar ki karanta abin da ya fito a tsanake. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haɗe lambobin nan suka zama iri ɗaya a MTN da Airtel da Glo da sauransu: *310# duba kati, *312# sayen data, *323# duba abin da ya rage. Dalilin da ya sa na ce ki karanta shi ne, ba kowace data ce ke buɗe komai ba. Akwai wadda aka yi don WhatsApp da Facebook kawai. Tana da araha, mata masu sana'a suna sonta, amma ba za ta buɗe miki manhajar banki ko Play Store ba. Akwai ta dare, wadda ba ta aiki sai sawu ya ɗauke. Akwai kuma ta kyauta da ake ɗorawa kan kati, mai sharuɗɗanta daban. Idan yaro kika aika ya sa miki, ko wajen masu sayar da data ta WhatsApp kika saya, to sai kin duba za ki san wacce aka ba ki.

Idan layi ya daidaita, data ma akwai, amma har yanzu shiru, to saura APN. Wannan ɗan adireshi ne da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfanin layinki. Sabuwar waya da kanta take karɓarsa da zarar an sa sim, amma wayar hannu, musamman wadda aka shigo da ita daga Ingila ko Amurka, takan zo da adireshin kamfanin can a cikinta. Tana ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da babu shi a Kano. A cikin setin, ƙarƙashin Mobile network, akwai Access Point Names. Ki fara danna Reset to default. In bai yi ba, a buɗe sabo a rubuta da hannu: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. A ajiye, a zaɓe shi, a kashe waya a kunna. Aikin minti biyar ne, kuma na sha ganin an karɓi kuɗin gyara masu kauri a kansa.

Maganar ko an rufe layin ne saboda rashin haɗa shi da NIN ki cire ta daga ranki tunda kira yana fita, haka ma batun wayar da aka kulle wa kamfanin waje, don irin wannan ko sim ɗin ba za ta karɓa ba. Amma ki duba kwanan wata da agogon wayar. Wayar da ta daɗe a kashe takan tashi da kwanan watan shekarun baya, kuma manhajojin banki da WhatsApp ba sa yarda su yi magana da wayar da agogonta ya ɓace. Ki sa shi ya riƙa saita kansa.

Ita manhajar banki tana da nata hali. Sabuwar waya baƙuwa ce a wurinta, sai ta turo lambar sirri zuwa layin da kika yi rajista da shi kafin ta buɗe, wani bankin ma sai ya nemi katin ATM ko hoton fuska. Kin ga wani dalilin da ya sa na hana ki canza layi. Ki sauke ta da kanki daga Play Store, da adireshin Gmail naki, ba na ƙaninki ba, ba na mai gyaran waya ba. Kada ki yarda a tura miki manhajar kuɗi ta Xender don a rage data. Abin da za ki rage bai kai kuɗin goro ba, abin da za ki iya rasawa kuwa jari ne. Haka irin WhatsApp ɗin nan na bayan fage da yara ke sa wa mutane, mai ɓoye an karanta saƙo da su canza launi: kamfanin yana rufe lambar da ya kama tana amfani da shi. Ki tuna kwastomominki duk a can suke. WhatsApp Business na asali kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da farashi, yadda ba sai kin tura hoton leshi ɗaya sau ashirin ba.

To mu zo kan kuɗi, don nan ne nake ganin asarar da ta fi dubu biyun nan.

Ba zan yanka miki adadi ba, saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, tun daga nan kuma tsare-tsaren sai sauyawa suke. Wayarki ce za ta gaya miki abin da kike ci. A setin akwai Data usage, inda take jera kowace manhaja da abin da ta sha. Ki bar ta ta yi mako guda tana aiki daidai, sannan ki buɗe ki gani.

Akwai wata baiwar Allah mai irin sana'arki da nake duba wa lissafi, kullum kukanta kamfani na satar mata data. Muka zauna a tsakar gidanta muka buɗe wurin nan. Tana cikin guruf goma sha na dilolin kaya, kowane dila da safe sai ya watsa bidiyon sabon shigowa, yana juya turmi a gaban kyamara yana kiran farashi. Wayarta kuma duk tana sauke su ba tare da ta taɓa ba, har na shaddar maza da ba ta sayarwa. Ki yi lissafin da kanki: a ce kowane bidiyo MB 10 ne, guda talatin a yini MB 300 ke nan, kafin kwana huɗu giga ɗaya ta tafi, mutum bai kalli ko rabinsu ba. Maganin yana cikin WhatsApp ɗin, a Storage and data, inda ake zaɓar abin da zai sauka da kansa. Ki cire bidiyo da hotuna gaba ɗaya, wanda kike so ki danna masa. A Play Store ma ki hana manhajoji sabunta kansu da datarki, ki kunna Data saver na wayar. Facebook da Instagram su ma a hana su kunna bidiyo da kansu. Ita wannan baiwar Allah, da muka gangara ƙasan jerin sai ga TikTok a matsayi na biyu, ta rantse ba ta taɓa buɗe shi ba. Autanta da ke gefe ya sulale ya fita.

Abin dariya ne, amma a nan yawancin masu sana'ar gida ke zubar da riba. Waya ɗaya ce ta shago, ita ce ta kallon yara, ita ce ke raba wa 'yan gida intanet da daddare, kuɗin kuma duk daga cinikin atamfa yake fita ba a rubuta ba. Ni a wurina data kamar kuɗin haya take, ko kuɗin mai Keke da ke ɗauko miki kaya daga Kwari. Ki buɗe mata layi a littafinki. A ce kin kashe dubu biyar a wata, kin sayar da turmi hamsin, to naira ɗari ce ta hau kan kowane turmi, kuma ya kamata ta fito a farashi. Idan turmi goma kika sayar, ɗari biyar ce, nan kuwa sai a zauna a sake shawara. Ta yara a saya musu daga kuɗin cefane, a ɗaya layin, in ta ƙare ta ƙare.

Wacce za ki saya, ta wata ko ta kwana? Mutane da yawa suna cewa ta wata ta fi araha, ba kullum haka yake ba. Sau da yawa ta kwana ɗaya ko biyu ta fi yawan giga a kan kuɗi kaɗan, sai dai tumatir ce, in ba ki cinye yau ba gobe ta ruɓe. Ke kuma abin da sana'arki ke buƙata shi ne a same ki kullum, ko da saƙo uku ne suka shigo. Don haka ki kafa ta wata matsakaiciya ta zama gindi, ki sabunta ta kafin ranar ƙarewarta, don a yawancin tsare-tsare hakan ne ke sa ragowar ta biyo ki. Ranar da kika saro sabon kaya, za ki ɗora bidiyo a sitatus ki tura wa mutane, sai ki ƙara ta kwana ɗaya mai yawa ki yi aikin a ranar. Gab da Sallah da lokacin biki ki ƙara, bayan Sallah ki rage. Ki guji barin tsarin da ke sabunta kansa daga katinki in ba ke kika zaɓa ba.

Bashin kati ko data da ake ci ta *303# kuwa, ana cire kusan kashi 15 cikin ɗari tun kafin ya shigo hannunki. Hukuncinsa na bar wa malamai, amma a lissafin kasuwa, wanda ke cinsa duk mako ya fi kowa sayen data da tsada.

Kati ki riƙa barin kaɗan a layin banki, ɗari biyu ko uku, ba dubbai ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, kuma ranar da intanet ta ɗauke, lambobin banki irin su *737# na GTBank ko *894# na First Bank su ne mafita. Daga Yunin 2025 kuɗin amfani da su, naira 6.98, daga katin waya ake cire shi, in babu kati ba za su yi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ba da kaya a ƙofar gida. Saƙon alat ana ƙirƙirarsa, hoton rasit ma haka. Kada mayafi ɗaya ya fita sai kin ga kuɗin a cikin asusunki, ta manhaja ko ta lambar bankin. Masu wannan ta'asa sun fi son su ji kin ce datarki ta ƙare.

Idan bayan duk wannan kati ya ci gaba da raguwa ba ki yi kira ba, ki danna *305# ki ga ko an ɗora miki wani abu da ake cira kullum, irin su waƙar kira ko saƙon wasanni, ki soke shi. In abin ya ƙi, ki kira 300 ki yi magana da kamfanin, ki rubuta lambar ƙorafin da za su ba ki. Idan ba su warware ba, 622 layin NCC ne, kyauta ake kira, kuma lambar nan za su fara tambayar ki.

Gwaji na ƙarshe kafin ki kashe ko kwabo: ki cire sim ɗinki ki sa a wayar ƙaninki, nasa kuma ki sa a taki. Idan naki ya ƙi a wayarsa ma, sim ɗin ne ya tsufa ko ruwan ya taɓa shi, sai ki je ofishin kamfanin da NIN ɗinki a sauya miki da mai 4G a kan lambarki ɗin nan. Idan nasa ne ya ƙi a wayarki, to wayar ce, ƙaninki ya koma da ita inda ya saya tun ciniki bai yi sanyi ba. In kuma ta kama sai an kai wa mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, ki cire sim ɗin banki ki riƙe a jakarki, ki fita daga manhajar kuɗi, ki tsaya a gabansa har ya gama.