Dusar ƙanƙara na tafe Buffalo: Alhaji ya tashi daga Legas ko ya dakata, yaron kuma me zai tanada?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana su. Kin ce ɗanki da ya tafi karatu Buffalo, wani gari a jihar New York ta Amurka, a watan Agusta ya turo miki hasashen dusar ƙanƙara inci 12 zuwa 18 daga daren Juma'a, kuma wannan ne sanyinsa na farko a can. Ga Alhaji kuma da tikitin daren Alhamis daga Ikeja zuwa Atlanta, daga nan ya hau wani jirgin zuwa Buffalo. Kina tambaya ko ya ɗaga tafiyar, da abin da ya kamata yaron ya yi.

Adadin incin nan da ya tayar miki da hankali shi ne mafi ƙarancin abin da zan duba. Inci 12 zuwa 18 santimita 30 zuwa 45 ke nan, ta kai ƙwauri ko ta doshi gwiwa. Ga mu mutanen Agege abin tsoro ne, amma Buffalo gari ne da ke kwasar sama da inci 90 a shekara, yana da motocin share hanya da tarin gishirin narkar da ƙanƙara, irin wannan adadin in ya sauka a natse kwana ɗaya ko biyu an buɗe tituna. Abin da ke mayar da ita bala'i iska ce. Hukumar yanayi ta Amurka ba ta kiran abu guguwar dusar ƙanƙara ta sosai sai iska ta kai mil 35 a awa, wato kilomita 56, mutum ba ya hango abin da ya wuce mita 400, kuma hakan ya ɗauki awa 3 ko fiye. Wadda ta faɗa wa Buffalo a Disambar 2022 irin wannan ce: mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi kusa da gidajensu don ba sa ganin gabansu, filin jirgin kuma ya yi kusan kwana 5 a rufe. Saboda haka ki ce ya turo miki ƙarfin iskar da aka yi hasashe, ba incin kaɗai ba.

Ya kuma duba wace irin sanarwa ce ta fito a wayarsa. In an rubuta Watch, ana cewa mai yiwuwa ne, a fara shiri, yawanci da sauran kwana ɗaya ko biyu. In ta koma Warning, an tabbatar tana tafe ko ta riga ta fara, lokacin zuwa kanti ya kusa ƙurewa. Hasashen da aka yi saura kwana 5 yakan nuna cewa guguwa na zuwa, amma adadin inci ba ya tsayawa sai saura kamar kwana 2, don haka kar ki yi mamaki in gobe lambar ta canja. Ba ƙarya suka yi ba. A ƙa'idar da aka saba, ruwan inci 1 yana ba da dusa kamar inci 10. In sanyi ya tsananta sai ta fito busasshiya marar nauyi ta kai inci 15 ko 20, in kuma yana dab da digiri sifili sai ta zo jiƙaƙƙiya mai nauyi, ba tsawo amma tana karya rassan bishiya da wayoyin lantarki. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ke raba su.

Buffalo kuma tana da nata halin. Tana bakin tafkin Erie, in iska mai tsananin sanyi ta ratso kan ruwan da bai riga ya daskare ba, sai ta kwaso tururi ta zubar da shi a wani siririn layi. A Nuwambar 2014 wasu unguwannin kudu da gabashin garin sun sha sama da ƙafa 5, alhali 'yan kilomitoci zuwa arewa 'yan incina kawai aka gani. Ya sa lambar unguwarsa a shafin hukumar yanayin, kar ya tsaya ga hasashen garin gaba ɗaya. Wanda ke Amherst ta arewa da wanda ke Hamburg ko Orchard Park ta kudu sau da yawa ba abu ɗaya suke gani ba.

Wani abin da ke ruɗa baƙi shi ne ma'auni. Amurka da Faranhait take aiki. In ya ce miki yau 30 ne, ba irin 30 ɗinmu na Legas ba ce, ƙasa da digirin daskarewar ruwa ce, don 32 nasu shi ne sifilinmu na Salshiyas. Sifilinsu kuma 18 ne ƙasa da sifili a namu. A irin wannan sanyin, da iskar mil 15 a awa, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 30.

Maganar Alhaji, ra'ayina ya ɗaga zuwa Litinin ko Talata, sai fa in akwai larurar da ba ta jira. Babban jirgin Legas zuwa Atlanta mai yiwuwa ya tashi lafiya lau, tunda Atlanta na kudu ne. Ƙaramin da zai kai shi Buffalo ranar Juma'a shi ake fara sokewa, kuma kamfanoni ba sa jiran dusar ta fara, suna kwashe jiragensu tun kafin ta iso. Sai dattijo ya tsinci kansa a filin jirgi bayan tafiyar sama da awa 12, da babbar riga da jaka. A dokar Amurka, in kamfani ya soke jirgi kuma fasinja ya fasa tafiyar, za a mayar masa da kuɗinsa ko da yanayi ne sanadi, amma ba dole ba ne su ba shi otal ko abinci. Da ta Turai ya bi, jirgin da ke tashi daga can ne aka soke, da dokarsu ta tilasta a ciyar da shi a kwantar da shi.

Abin yi shi ne daga Laraba a riƙa duba shafin kamfanin. In babbar guguwa na tafe sukan fitar da sassauci, su lissafa filayen da abin ya shafa da ranakun, su bari a canja rana ba tare da kuɗin canji ba. Kujerun ranakun da ke biye ne ke saurin ƙarewa, wanda ya riga shi ya samu. In ta hannun ejan aka yanki tikitin, galibi shi ne zai yi canjin, to a kama shi tun ofis bai tashi ba. A tambaye shi kuma ko tikiti ɗaya ne daga Legas har Buffalo ko biyu ya haɗa don sauƙin kuɗi. In biyu ne, kamfani na biyu ba ruwansa da abin da ya faru da na farko. In kuwa Alhaji ya dage sai Alhamis, rigar sanyi da maganinsa na kwana uku da caja su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba.

Kayan sanyi kuma, a kasuwannin Katangowa da Yaba akwai gwanjo masu kyau da arha, a sayi suwaita ta ulu da hula mai rufe kunne da safar hannu. Amma babbar jaket da takalmin dusa gara yaron ya saya masa a can, don yawancin na nan na sanyin Landan ne, ba sa ɗaukar na Buffalo. Sawa ake yi hawa uku: ta jikin fata mai tsane gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta zama ta ciki, in ta sha gumi sai ta riƙe shi ta koma sanyaya jiki. Singileti da shadda sai dai a ɗora su don ado. Takalmi ya zama mai zanen ƙasa mai zurfi, ba ya shan ruwa, kuma da ɗan sarari, don matsattse yana hana jini zagayawa, yatsu su fi saurin daskarewa.

Shi kuma yaron, duk abin da zai saya ya gama ranar Alhamis. Ranar Juma'a kantuna layi ne, burodi da madara sun ƙare. Ya ɗauka zai yi kwana 3 bai fita ba, kuma ana iya ɗauke wuta. Ruwan sha lita 4 kowace rana. Abincin da ba ya buƙatar girki: garin kwaki da suga, gyaɗa, dabino, burodi, kifin gwangwani, don in murhun gidansu na lantarki ne ba zai yi aiki ba. Tocila da batir, ba kyandir ba. Waya da fawa bank a cike tun da rana. In wuta ta tafi, firji na riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya kuma kwana 2.

Yanzu ga inda nake so ki ɗaga masa murya. Mu a Legas mun san labarin iyalin da aka wayi gari duk sun tafi saboda hayaƙin janareta a baranda. Iskar nan ce dai, kabon monoksaid, ba wari ba launi, take kashe mutane a can in wuta ta ɗauke. A sanyin da ya kama Texas a Fabrairun 2021 mutum sama da 200 suka rasu, cikinsu har da waɗanda suka nemi ɗumi da mota a gareji ko gawayi a ɗaki. Yaranmu sun taso suna ganin kaskon wuta lokacin hunturu, amma ɗakunanmu iska na shiga ta ko'ina, nasu kuwa a toshe suke ruf. Kar ya kunna gawayi a ciki, kar ya bar murhun gas a kunne don ɗumama ɗaki. In maƙwabci na da janareta, mita 6 daga gini, nesa da taga. Ya danna maɓallin na'urar gano wannan iskar da ke jikin bango ya ji ko tana ƙara. In babu, ya nemi mai gidan ya sa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya, musamman in ya kama kowa a gidan lokaci ɗaya, a fita waje a kira 911. In wuta ta ɗauke, ɗaki ɗaya za su taru, a rufe ƙofa, a tura tawul ƙarƙashinta, a lulluɓa. In sanyin ya fi ƙarfi, hukuma na buɗe wuraren jin ɗumi, makaranta ma na sanarwa.

In akwai wuta, kar tsoron kuɗin bil ya sa ya kashe ɗumin gidan. Kar ya sauka ƙasa da 55 a Faranhait, wato 13 namu, ko ba ya gida. Ruwa in ya daskare kumbura yake, sai ya fasa bututu a cikin bango, ba a sani sai ya narke ya cika ɗaki. Ya bar famfon da ke jikin bangon waje yana ɗiga, ya buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ƙaramar hita kuma kai tsaye a soket ɗin bango, ba a ekstenshan ba, mita 1 daga labule da katifa, a kashe ta kafin barci.

In yana da mota, ya ajiye ta. Wanda bai taɓa tuƙi kan ƙanƙara ba, daren guguwa ba ranar koyo ba ce. Nisan da birki ke buƙata yana iya ninkawa har sau 10, gadoji kuma su ke fara daskarewa da wata ƙanƙarar da ba a gani, sai ka ɗauka kwalta ce ta jiƙe. In hukuma ta hana tuƙi, doka ce mai tara. Ya cika tanki tun Alhamis, ya karanta allon titinsu don a san gefen da aka yarda a yi fakin, in ba haka ba a ja motar ko motar shara ta binne ta. In ƙaddara ta sa ya maƙale a hanya, ya zauna a ciki, ya tone dusar da ta toshe salansa kafin ya tayar da inji, ya kunna minti 10 a kowace awa, gilashi a ɗan sauke.

Share ƙofar gida, ya duba takardar hayarsa ya ga ko a kansa take. In a kansa ne, kar ya jira ta gama taruwa, ya riƙa turawa duk inci 3 ko 4 muddin iska ta lafa, don ta ƙasa in an taka ta tana zama dutse. Gishirin hanya na aiki har wajen 9 ƙasa da sifili a ma'auninmu, in ya wuce haka sai mai sinadarin kalsiyam. Alhaji dai kar ya taɓa shebur. Kin san dattawanmu, in ya ga yaro na aiki sai ya ce ba ni nan. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, jiƙaƙƙiyar dusa kuma nauyi gare ta, duk shekara ana kwasar masu hawan jini zuwa asibiti da bugun zuciya a wannan aikin.

Alwala su yi ta a gida, su tsane hannu da ƙafa sarai kafin su sa safa, kar a fita da danshi. In yatsa ko kunne ya yi fari ya daina ji, ba a murza shi, ba a kai shi bakin hita. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, digiri 37 zuwa 39 a ma'auninmu, har jini ya dawo, sannan asibiti in ya yi ƙuraje ko bai farfaɗo ba.

Ke kuma Hajiya, ki tuna Legas na gaban Buffalo da awa 6 a wannan lokacin. Ku tsayar da sau biyu a rana da zai turo saƙo, ki karɓi lambar abokin zamansa, sannan ki bar kiran bidiyo sai wuta ta tabbata, don shi ne ke cinye batirin da zai buƙata.