Zauren Maharba: Yatsa Biyu Ko Uku, Gashin Kibiya Da Zancen Dafi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan kwari da baka suka zo, don haka na ajiye na tarko da na karnukan farauta sai fitowa ta gaba. Waɗanda suka turo saƙon murya, na rubuta maganarsu yadda na ji ta, tsawo kawai na rage.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na gaji bakan kakana da kwarinsa. A gida na ga ana kama gindin kibiya da babban yatsa da manuni, amma a bidiyon Turawa yatsa uku suke ɗora wa tsirkiya, su ja har gefen baki. Da na gwada nasu sai kibiyar ta riƙa zamewa daga jikin bakan. Namu ne ba daidai ba, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kibau na gado ba a wasa da bakinsu. In ka ga wani baƙin abu kamar ƙaro ya daskare a wuyan ƙarfen, dafi ne, kuma daɗewa ba ta sa a amince masa. Ka mayar da su kwari ka rataye inda yaro ba ya kaiwa, ka sa a yi maka sababbi na koyo. Shi ma bakan, icen da ya shekara da shekaru a rataye ba a ja shi gaba ɗaya ran farko.

To, ga zancen riƙo. Babu wanda ya yi kuskure, kai ne ka ɗauko riƙon wani baka ka kai wa wani. Kibiyarmu kyauro ce, gajera, da yawa ba su wuce taƙi uku ba, tsagar gindinta kuma ba ta da zurfi, ba ta kama tsirkiya da kanta. Shi ya sa ake matse ta da yatsa biyu, a ja zuwa wajen ƙirji ko haɓa, a saki nan take. Sakin yana fita da tsabta don babu abin da ya naɗe tsirkiya. Aibinsa ɗaya: yatsa biyu ba su iya jan baka mai tauri. Tsofaffin maharba sun san haka. Baffana, wanda na koya a hannunsa a ƙasar Kware, in ya ɗauki babban bakansa sai ya bar manuni da babban yatsa a kan kibiya, ya saƙala na tsakiya da mai bi masa a tsirkiya daga ƙasa su taya ja. Ka ga ke nan gwaje-gwajen nan ba yau aka fara su ba.

Kibiyar da kake gani a bidiyo doguwa ce, takan kai santimita 70 ko fiye, gindinta kuma da ɗan roba mai cije tsirkiya, ko an saki hannu ba ta faɗuwa. In ka ja kibiyar kakanka har gefen baki, ƙarfen zai wuce bakan ya dawo baya, in ka saki a bayan hannunka na hagu zai sauka. Wannan shi ne abin tsoro, ba zamewa ba.

In kana son yatsa uku, sai ka yi masa kayansa. A yanko maka kyauro mai tsawon da in ka dafa gindinsa a tsakiyar ƙirjinka ka miƙe hannu biyu gaba, zai ɗara kan yatsunka. A zurfafa tsagar, a naɗe bayanta da zare kada ta tsage. Kibiya ta kwanta a hagun baka in kai na-dama ne, yatsa ɗaya sama biyu ƙasa, tsirkiya a gaɓar farko. Zamewar da ka gani daga dunƙule hannu take: kana jan kana murɗa tsirkiya, ita kuma tana ture kibiya waje. Ka bar bayan hannu a miƙe, kada ka matse gindin kibiyar, ka ɗan karkata kan bakan zuwa dama. Ka nemi ɗan ƙyallen fata wajen dukawa ka rufe yatsun, in ba haka ba kwana biyu za ka ga yatsun sun kumbura.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, wanda ni ya fi burge ni. Turkawa da Mongol da mutanen Koriya babban yatsa suke saƙala wa tsirkiya, su kulle shi da manuni, da zobe na ƙaho ko ƙarfe a yatsan. Kibiya a daman baka take kwana, manuni na danne ta, ko doki na sukuwa ba ta faɗuwa. Bakansu gajere ne, haɗin ƙaho da ice da jijiya, ana jansa har bayan kunne. A Koriya har gobe masu harbin gargajiya daga mita 145 suke harbi, ninki biyu da ɗoriya na mita 70 da ake yi a gasar Olamfik. Riƙon yana tafiya da bakanmu, amma yatsan sai ya yi makonni yana ciwo kafin ya saba, kuma zoben da bai zauna daidai ba gara babu shi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka cusa ƙaiƙayi a buhu ka jingina da katangar da babu mai wucewa bayanta, ka tsaya taku goma, ka yi wata guda da riƙo ɗaya kafin ka yanke masa hukunci. Kada ka duba wadda ta sami tsakiya. Ka duba ko kibau suna taruwa wuri ɗaya, ko da a gefe ne.

Tambaya: Malam, don me kibiyarmu ba ta da gashi? In na liƙa mata na zabo za ta ƙara nisa? Daga wani maƙeri a Wurno.

Amsa: Sannu da wuta, maƙeri. Kai ne ma ka fi ni sanin amsar, don a hannunka take. Ƙarfen da kuke ƙerawa yana da doguwar wutsiya da nauyi, kyauro kuma kamar babu. Ka ɗora kibiya a kan yatsa ka nemi inda za ta tsaya, za ka ga wurin ya matsa can gaba kusa da ƙarfe. Nauyin gaba shi ke jan ta, gindin yana bi. A taku ashirin wannan ya isa, kuma a kurmi kibiya marar gashi ba ta maƙalewa a ciyawa.

Gashi ba ya ƙara nisa, ragewa ma yake yi, don iska yake kamawa. Aikinsa ya gyara kibiyar da ta fita tana wutsil-wutsil. Na zabo ya yi ƙanƙanta da laushi. Nemi na fiffiken talo-talo ko na dinya, guda uku, duka daga fiffike ɗaya, kada ka haɗa na dama da na hagu don kwanciyarsu ba ɗaya ba ce. Ka tsaga su biyu, ka kankare ƙashin, ka ɗaure gabansu da zare sosai. In ka bar tsinin ƙashin a waje, a fatar hannunka zai shige lokacin da kibiya ke wucewa, kuma ya fi sartse zafi.

Ra'ayina, mai koyo ya fara da marar gashi. Ba ta rufa wa kowa asiri: sakinka in ya ɓaci, a karkace za ta caki buhu kowa ya gani.

Tambaya: Baba, ni ina samun buhu a tsaye, amma a daji ko zomo ban taɓa kawowa gida ba. Wasu sun ce in rufe ido ɗaya in auna da bakin kibiya, wasu sun ce maharbin gaske ba ya aunawa. Daga wani matashi a Tambuwal.

Amsa: Duka biyun hanya ce. Mai aunawa yana kallon tazarar da ke tsakanin bakin kibiya da abin da yake nufi, ya haddace ta a kowane nisa. Yana saurin koyo, amma yana son lokaci da sanin nisa, zomo kuwa ba ya ba ka ko ɗaya. Ɗayan ido biyu a buɗe, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, hannu ya bi. Wannan sai da yawan harbi. Ko wanne ka ɗauka, hannun ja ya riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum, haɓa ko gefen baki. Wanda yau ya ja zuwa ƙirji gobe zuwa kunne, ba shi da abin da zai haddace.

Amma ina zaton matsalarka ba a ido take ba, a tsayuwa take. Wa ya taɓa harbin gada a miƙe, ƙafa a ware? Ka tuna masu kan burtu. Mutum ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo a ciyawa, har ya shiga cikin dabbobi ba su tashi ba. Daga durƙuson nan yake harbi, baka a kwance kusan rabi don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Ka koma wa buhunka a gwiwa ɗaya, a tsugune, ta ƙarƙashin reshe, da bayan ka yi ɗan gudu numfashi na sama. Ka riƙa ɗebo toka a ɗan ƙyalle, ka kaɗa ka ga inda iska ta nufa, ka tunkari dabba iska na bugun fuskarka.

Sabon riƙo kuma a buhu ake gwada shi, ba a jikin mai rai ba. Sannan ka san inda za ka. Dazukan gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ba na shiga ba ne a wannan zamani, zomo bai kai ran mutum ba.

Tambaya: Malam, kakanninmu da dafi suke harbi. Naman ya halatta? In na bar dafi, bakan nan namu zai iya kayar da dabba? Daga wani Alhaji a Gwadabawa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka ta biyu ita ce gindin duk abin da muke ta faɗa. Bakanmu da gajerar kibiya da riƙon yatsa biyu, dafi ne ya ɗaure su wuri ɗaya. Kwankwani, tsiron da shi ne uwar haɗin dafin, zuciya yake tsayarwa, don haka maharbi ba ya bukatar kibiya ta shige da zurfi, ƙwarzane ya isa. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu ƙarƙashin Malam Abdullahi yawancinsu 'yan ƙasa ne masu baka, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da lifidi. Irin wannan baka ne a hannunsu. Kada wanda ya raina shi.

Yadda ake haɗa dafi kuwa, masu tambayata ta waya su huta, ba zan rubuta ba.

Zancen halasci na malamai ne, ga su nan cike da gari, amma ga abin da muka karanta a zaure. Ka yi Bisimilla lokacin saki. In ka tarar da dabba da rai, ka yanka. In kaifin kibiyarka ya kashe ta kafin ka iso, ka ci, matuƙar ba ta kwana ba ka gan ta ba. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya raba tsakanin abin da kaifi ya huda da abin da aka buge da faɗin ice ya mutu, na biyun ba a ci. Masu harbin fakara da kibiya mai dunƙulen kai su lura da wannan, sai sun riske ta da rai sun yanka. Dafi kuma yana kawo shakka, ƙarfe ne ya kashe ko guba, kuma malaman Malikiyya sun hana cin abin da ba a tabbatar ba a irin wannan hali. Maharban da sukan yanke naman da ke kewaye da raunin su jefar, wannan maganin cutarwa ne, bai warware shakkar ba.

In ka bar dafi, wanda shi nake ba ka shawara, sai sauran kayan su sauya. Baka mai tauri, kibiya mai tsawo da nauyi, ƙarfe mai faɗi da kaifin da zai aske gashin hannu, ba siririn nan mai kunnuwa ba. Ka kusanci dabba, ka nufi bayan kafaɗa inda huhu yake. A nan ne yatsa uku ko zobe suke da rana. Zomo da zabon daji da gada bakanmu na iya musu. Barewa kuwa, in Allah ya sa ka ga ɗaya, ka sauke baka ka yi kallo, 'ya'yanmu da yawa a hoto kawai suka san ta.

Tambaya: Ɗana mai shekara goma ya dame ni sai na saya masa baka. Ina tsoron ido. Daga wata uwa a Mabera.

Amsa: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma in kin hana shi zai lanƙwasa reshen dogon yaro da igiyar buhu ya yi a bayan idonki. A yi masa na gora mai laushi, kibau na kyauro babu ƙarfe, a naɗa tsumma a kai. Babba na tsaye, buhu a jikin katanga, ƙannensa duk a bayansa. Ranar da ya nuna wa mutum ko akuya baka, ko da wasa, a karɓe na mako guda. A koya masa kada ya taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, haka baka ke tsagewa, kuma in ya gama ya kwance ta. Da hunturu a shafa wa icen man kaɗe, a raba shi da rana.