FTP a jikin rauta: yana buɗewa a shago, daga waje kuma shiru

"Maigida, barka da aiki. Wani mai shagon ɗaukar hoto a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya ba ni aiki. Yana da rauta TP-Link mai ramin USB, ita kuma tana ɗaukar intanet ta kebul daga ƙaramar rautar da ake sa wa layin waya. So yake in yaransa sun je ɗaukar biki a Daura ko Malumfashi su riƙa turo hotuna kai tsaye cikin diskin da ke shago. Na jona diskin, na kunna FTP, wato tsarin tura fayiloli tsakanin na'urori, a cikin shago yana buɗewa. Da na fita na gwada da datar wayata, shiru. Akwai kuma bidiyon da ya ƙi shiga ko a cikin shagon. Ina na kuskure?"

Ɗana, matsala biyu ka kawo, kuma babu abin da ya haɗa su. Bari mu fara da mai sauƙin.

Bidiyon da ya ƙi shiga, duba girmansa. Zai yi wuya bai kai gigabait 4 ba. Filashi da yawa suna zuwa ne da tsarin FAT32, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai wannan girman, ko da sarari ya rage fal. Kwashe kayan ciki zuwa kwamfuta, ka yi masa fomatin da NTFS ko exFAT, amma ka fara duba takardar rautar, don ba kowace ce ke karanta exFAT ba. In kuwa diski ne irin na laftof a cikin ƙaramin akwati, kasa kunne ka saurare shi. In ka ji yana ƙat-ƙat, yana tashi yana mutuwa, wuta ce ba ta ishe shi ba. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 aka ƙayyade masa, na 3.0 kuma 900, diski mai juyawa kuwa a lokacin tashi ya fi jan wuta. Maganinsa mahaɗin USB mai cajarsa daban, ko akwatin da ke da tasa wutar.

Tunda yana buɗewa a shago, ka yi aikin ciki, amma koma ka duba wuri biyu da yara ke tsallakewa. A TP-Link ka shiga 192.168.0.1, ka je Advanced, ka nemi sashen USB. Kunna neman kalmar sirri, kada ka bar kowa ya shiga ba suna. Sannan kada ka raba diskin gaba ɗayansa. Buɗe folda ɗaya, ka ba masu turo hoto ikon rubutu a cikinta kawai. Sunan shiga da kalmar sirrin FTP su bambanta da na shiga rautar kanta. Gwaji kuma da manhajar FTP irin FileZilla ko WinSCP za ka yi. Kada ka ɓata lokaci da Chrome ko Firefox, duka biyun sun cire FTP tun 2021, za ka zauna kana zargin rauta alhali ba ta yi komai ba.

To, ga babbar maganar. Kafin ka taɓa kowane saiti, akwai tambayar da ya kamata ka amsa tun ranar da aka kawo aikin, kafin a yi cinikin kuɗi: shagon nan yana da adireshin da za a iya samunsa daga waje?

Shiga rautar da layin waya ke ciki, ba TP-Link ɗin ba, ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba rautar, a shafin farko. Rubuta shi a takarda. Daga nan, da kwamfutar da ke kan wannan intanet ɗin, buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na IP. In lambobin biyu sun zo ɗaya, akwai hanya. In sun bambanta, ko ka ga na WAN ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin layin ya sa ku a bayan abin da ake kira CGNAT. Adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya, shi ya sa kamfanoni ke ɗora mutane da yawa kan adireshi guda. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da lamba ɗaya a bakin zaure: na ciki zai fita ya dawo da saƙonsa, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai babu mai nuna masa ɗaki, kuma makullin zauren ba a hannunka yake ba. A layukan waya na yau da kullum haka abin yake kusan ko'ina, haka ma Starlink a tsarinsa na gida. In ka tarar da haka, ko ƙofa nawa (port, wato lambar da saƙo ke shigowa ta cikinta) ka buɗe a rautar, a banza. DDNS ma ba zai cece ka ba. Aikinsa kawai ya liƙa suna a kan adireshin da ke canzawa, ba ya ƙirƙirar adireshin da babu. Nan ne yara da yawa ke kwana uku suna sauya saiti, mai aiki yana zarya.

A ce kun yi sa'a, adireshin na waje ne, kamar yadda wasu masu kawo intanet ta waya ko ta eriya ke bayarwa in an biya. Da sauran aiki, don rauta biyu gare ka a jere. Saƙon da ya zo daga waje a ta farko zai tsaya, ba ta san da wani diski ba. Ka ba TP-Link tsayayyen adireshi a cikin ta farkon, sannan ka tura mata ƙofofin da ake buƙata, ko ka sa ta farkon ta zama gada kawai in tana da wannan saitin. Ka kuma kunna maɓallin FTP na intanet a TP-Link, don daban yake da na cikin gida.

Na ce ƙofofi, ba ƙofa ba, kuma nan ne FTP ke rikita mutane. Tsohon tsari ne, ƙa'idar da ake bi yanzu tun 1985 aka rubuta ta, zamanin da ba a san rautar gida ba. Hanya biyu yake buɗewa. Ƙofa ta 21 ta umarni ce kawai: suna, kalmar sirri, ba ni jerin fayiloli. Su fayilolin, har da shi jerin, ta wata hanya dabam suke bi. A tsarin Active, saba, wato na'urar da ke riƙe da fayilolin (a nan rautar), ita ce ke juyowa ta kira mai nema daga ƙofa ta 20, wayar da ke kan data kuwa ba ta karɓar kira irin wannan. Don haka Passive za ka zaɓa, inda saba ke cewa same ni a ƙofa kaza. Dubi rubutun da ke gudu a saman FileZilla, za ka ga layi mai farawa da 227 da lambobi shida, misali 192,168,0,1,195,80. Huɗun farko adireshi ne. Biyun ƙarshe ƙofa ce: 195 sau 256, a ƙara 80, ya ba da 50000. Koyi karanta layin nan, don shi zai gaya maka inda ciwon yake. In kana waje ka ga ya ba ka 192.168, saba tana tallar adireshin cikin gida ne ga wanda ke Daura. In adireshin daidai ne amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa, to ƙofar da ta ambata ce ba a tura ba. Alamarsa a bayyane take: suna da kalmar sirri su wuce lafiya, sai abu ya tsaya cik har lokaci ya ƙare, ko ya ba ka 425. Lambar 530 kuwa suna ne ko kalmar sirri ba daidai ba, 550 kuma yawanci ba a ba ka iko kan foldar ba ne ko fayil ɗin babu shi. Raunin ƙananan rautoci shi ne da yawansu ba sa barinka ka zaɓi jerin ƙofofin Passive da kanka, sai ka rasa waɗanda za ka tura daga rauta ta farko.

Gwajin waje kuma, kashe Wi-Fi ɗin wayar tukuna. Wanda ya gwada yana kan intanet ɗin shagon bai gwada komai ba.

Yanzu ga ra'ayina, kuma shi zan so ka gaya wa mai shagon. Ko da duk wannan ya yi, ban yarda a buɗe FTP tsirara ga duniya ba. Suna da kalmar sirri a fili suke tafiya, babu lulluɓi. Duk wanda ya kama zirga-zirgar da manhajar leƙen saƙonni irin Wireshark zai karanta su kamar wasiƙa. Kuma akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofa ta 21 a kowane adireshi suna gwada admin da admin. Abin da ke cikin diskin nan hotunan amare ne da matan mutane. Ka san abin da zai biyo baya a garin nan in suka fita, kuma kai za a nema, don kai ka haɗa. Canza ƙofar daga 21 zuwa wata lamba yana rage masu ƙwanƙwasa, amma ba ya rufe sirri. Ƙofa ta 445 kuwa, ta rabon fayil na Windows, kada ka kuskura ka tura ta waje ko mai aiki ya roƙe ka. Ta nan bairos ɗin kwamfuta mai suna WannaCry ya bi ya yi ɓarna a watan Mayun 2017.

Abin da zan yi a wannan shagon: FTP na rauta ya tsaya a cikin gida, tsakanin kwamfutar gyaran hoto da ta buga hoto. Na waje kuma a nemo tsohuwar laftof mai batir mai rai, a jona mata nata diskin, a sa mata Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinku ta keɓaɓɓiyar hanya, a sa shi kuma a wayoyi ko kwamfutocin yaran da ke fita. Shi yana ratsa CGNAT don daga ciki kowa ke fita, ba a buɗe ko ƙofa ɗaya, kuma duk abin da ya bi ta cikinsa a lulluɓe yake. A kan laftof ɗin sai a yi amfani da SFTP, tsarin tura fayil mai lulluɓi, wanda ke bin ƙofa ta 22 kaɗai, babu rigimar Passive. In rautar tana da WireGuard a jikinta, wata keɓaɓɓiyar hanya mai lulluɓi, shi ma yana da kyau, amma sai da adireshin waje, ka ga an dawo tambayar farko. In aikin ɗan kaɗan ne, hotunan gwaji da za a nuna wa mai biki, gigabait 15 na kyauta a Google Drive ya isa, ka gaya wa mai shagon gaskiya ko da kuɗin aikinka zai ragu.

Yi masa lissafi ma kafin ya sa rai. In layin mai turowa yana ba da megabit 5 a sakan wajen aikawa, gigabait ɗaya zai ci kusan minti 27, in layin bai yanke ba. Biki mai gigabait 30 ya haura awa 13, kuma data ta ƙone a gefe biyu, ta mai turowa da ta shago. Sau da yawa katin kyamarar da aka saka a aljihu aka hau motar Daura zai riga shi isowa Katsina. A zaɓi hotunan gaggawa a turo, bidiyo ya biyo mota.

Saura wuta. In KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin ya lalace, wani lokaci har tsarin diskin ya rikice, rautar ta daina ganinsa ko ta hana rubutu. In haka ta faru, cire shi ka kai kwamfuta mai Windows ka yi masa chkdsk, umarnin da ke duba diski ya gyara shi. In diskin zai zauna a jikin rauta, a sa mata ƙaramin batirin ajiya, ka duba bayan cajarta ka ga bolt nawa take ci, yawanci 12 ne amma akwai masu 9. Kada a zare diski sai an danna maɓallin cirewa a shafin rautar. A ɗaga rautar da diskin daga kan kanta zuwa inda iska ke ratsawa, kada a lulluɓe su da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, zafin bazara zai fi ƙurar yi musu illa. Ka kuma kafa wa yaran mai shagon doka: ba a goge katin kyamara sai an buɗe hotunan an gan su a wuri biyu.

Gobe ka fara da adireshin WAN ɗin nan. Turo mini lambobi biyun farko kawai, da layin 227 in ka samu, sai in gaya maka wanne za ka bi.