Littattafan yara da addininsu idan sun girma

Malama, kin tambaya ko littattafan da ɗanki ke karantawa yanzu za su iya juya masa ra'ayi kan addini idan ya girma. Za su iya, sai dai a ganina ba ta hanyar da kike tsoro ba.

Ɗan shekara bakwai ba ya riƙe hujja, hoto yake riƙewa. Idan duk labaran da ya fara karantawa wuta ce da azaba, zai taso yana ɗari-ɗari da Ubangijinsa. Idan rahama ta fi yawa, ko ya yi nisa wata rana yakan waiwayo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lura cewa 'ya'yan Yahudawa da na Kirista da na Musulmi kowa kan addinin iyayensa yake tasowa, shi ya sa ya zauna ya binciki abin da ya gada da kansa.

Hujja kuwa sai an fara mallakar hankali take kamawa. Bertrand Russell, masanin falsafa na Birtaniya, yana da shekara 18 ya karanta tarihin rayuwar wani masanin falsafa, John Stuart Mill, tambaya guda a ciki, wai wa ya halicci Mahalicci, ta girgiza masa imani. Tambayar da kowane malamin tauhidi ya saba amsawa ce fa.

Ni da ni ce ke, ba zan ɓoye masa littafi ba. Zan riga shi karantawa, in ya gama in tambaye shi wa ya fi burge shi a labarin, kuma don me.