Ciwon hanta na B: likita ya amsa tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya ta rubuto: Likita, maigidana ya je bada jini aka ce yana da epatit B, wato ciwon hanta na B, to ni yanzu in ware mishi kwano da moɗa ne?

A'a Hajiya, kar ki ware mishi kwano ko moɗa. Cutar nan ba ta bin tuwo ko gumi ko musabaha, hanyarta jini ce, da saduwar aure, da kuma uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Abin wariya reza ce da buroshin haƙori da abin yankan farce, don ƙwayar tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini. Ke da yara ku je a yi muku gwajin AgHBs, wato gwajin jini da ke nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar, wanda ba shi da ita a yi mishi rigakafi, allura 3 ce. In kuma kina da ciki, nan ne nake son ki buɗe kunne: jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsu, alhali babba in ya kamu galibi jikinshi na korarta, shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar cikin awa 24 na farko, ba sai an jira suna ba, daga baya ya karɓi Penta, allurar rigakafin yara mai haɗe da na wannan cutar, a sati 6, 10 da 14.

Wani daga Tibiri: An ce ina da ita, amma ni fa lafiyata lau, idona bai yi ɗorawa ba, saiwar shawara ma nake sha, sai na je asibiti?

Malam, ai matsalar kenan, tana shekaru shiru tana cin hanta, sai ciki ya kumbura ƙafa ta hau a kawo mana mutum. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba ƙara wa hanta aiki suke yi. Ka zo a auna yawan ƙwayar a jininka, a yi eko, wato hoton ciki. Ba kowa ake ɗorawa a magani ba, wanda ya cancanta ana ba shi tenofovir, yana danne cutar amma ba ya fidda ta, kuma ba a barinshi da ka. Giya kam a bar ta, gyaɗa mai funfuna ma haka.

Wani matashi ya ce ciwon hanta na C fa?

Ita ba ta da rigakafi, amma tana warkewa da ƙwayoyi cikin sati 12 ga sama da kashi 95 cikin 100. Wajen wanzami kuwa, ko aski ko ƙaho ko kaciyar yara, ka sa a ɓare sabuwar reza a gabanka.