Tafiyar Landan zuwa New York a jirgin sama

Ka tambayi nisan da ke tsakanin Landan da New York, da awa nawa jirgi ke yi. Nisan kilomita 5,500 ne da 'yan kai. Jirgin da ba ya yada zango yakan ci kusan awa 8 a zuwa, a dawowa kuwa awa 7 ne, wani lokaci ma ba ta cika ba.

Iska ce ke kawo wannan bambanci. Can sama inda jirage ke bi, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan tekun Atlantika, kuma ta fi tsanani da hunturu. Mai zuwa Amurka da ita yake kokawa, mai dawowa kuwa ita ke tura shi. Amma don Allah ka kula da lokacin da ke kan tikiti, nan na sha ganin matafiya sun rikice. Agogon Landan ya riga na New York da awa 5, in ka tashi ƙarfe 10 na safe, wajen ƙarfe 1 na ranarsu za ka sauka.